Kilowat Nawa Zai Ishe Ka? Zaɓen Shawar Lantarki Tsakanin Yawan Ruwa Da Zafinsa

Duk wanda ya taɓa wanka da shawar lantarki da sanyin asuba ya san abin da zan faɗa. Ka murɗa maɓalli zuwa ɓangaren ja, ruwa ya yi zafi yadda kake so, amma sai ya tsuke ya koma yayyafi, kumfar sabulu ta ƙi barin kanka. Ka mayar da shi baya don ruwa ya sauko da ƙarfi, sanyi ya ratsa ka har ƙashi. Haka za ka tsaya kana lallaɓa maɓalli kamar mai neman tasha a rediyo. Da yawa sukan ce shawar ta mutu, ko an sayar musu da jabu. Sau tari kuwa lafiyarta lau, iyakar ƙarfinta ke nan. Abin da ke damuna shi ne mutum ya cire ta ya sayo wata, ya sake faɗawa cikin matsalar, don bai san inda gizo ke saƙar ba.

Shawar da nake nufi ita ce wadda ba ta ajiye ruwan zafi. Akwati ne a jikin bango, ruwan sanyi ya shiga ta bututu ɗaya, ya ratsa wani ɗan gwangwani mai kwail a ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar da wuta ke zafafawa, ya fito da zafi nan take. Gwangwanin bai cin lita ɗaya, don haka daƙiƙu kaɗan ruwa yake yi a ciki. A yawancin irin waɗannan shawa, maɓallin da aka zana wa lambobin zafi ba ya ƙara wa kwail wuta ko kaɗan. Bawul ne kawai. Idan ka juya shi wajen zafi, ruwan yake ragewa domin ya daɗe a jikin kwail. Idan ka juya shi wajen sanyi, ya buɗe hanya ruwa ya wuce da sauri. Wutar da kwail ke ci tana nan yadda take. Ɗaya maɓallin, mai matakai biyu ko uku, shi ne ke kunna kwail ɗaya, ko duka biyun, ko ya kashe su a yi wanka da ruwan sanyi.

To tunda wutar ƙayyadaddiya ce, ana iya lissafa abin da za ta yi. Ruwa abu ne mai wuyar ɗumamawa: kowace lita tana buƙatar kimanin kilojul 4.18 na makamashi kafin zafinta ya hau da digiri ɗaya. Alaƙar da ke tsakanin wutar lantarki da zafin da take haifarwa kuwa tun a shekarun 1840 James Joule ya auna ta a Ingila, kuma ba ta sauya ba don an sauya launin kwalin shawa. Idan aka sauƙaƙa lissafin, kilowat ɗaya yana ɗaga zafin lita 14.3 na ruwa da digiri ɗaya a cikin minti ɗaya. Saboda haka ka ninka kilowat ɗin shawa sau 14.3, ka raba da yawan digirin da kake so ruwa ya hau, abin da ya fito shi ne litar da za ta zubo maka a minti guda. Wannan ɗan lissafin ya fi duk kalaman da ke jikin kwali amfani.

Mu gwada. Mafi yawan mutane suna jin daɗin wanka a wajen digiri 38 zuwa 41, mu ce 40. Idan ruwan da ke shigowa gida yana digiri 10, kamar yadda yake a ƙasashen sanyi lokacin hunturu, sai an ɗaga shi da digiri 30. Shawa mai kilowat 7.5 za ta ba da lita 3.6 a minti. Mai 8.5 ta ba da lita 4.1, mai 9.5 lita 4.5, mai 10.5 kuwa lita 5. Duba da kyau: tsakanin 8.5 da 10.5, wadda ake tallata ta a matsayin babba, lita ɗaya ce tal a minti. Ana jin wannan litar a jiki, musamman ga mai yawan gashi, ban musa ba. Amma ba za ta mayar da yayyafi ya zama mamakon ruwan sama ba. Don a samu abin gwadawa, a Amurka dokar da aka yi a 1992 ta ƙayyade cewa kan shawa kada ya wuce galan 2.5 a minti, wato kimanin lita 9.5, kuma wannan ma a matsayin tsimin ruwa aka yi shi. Babbar shawar lantarki a tsakiyar hunturu rabin wannan take bayarwa.

Yanzu a sauya abu ɗaya, zafin ruwan da ke shigowa. Idan yana digiri 20, ɗagawar 20 ce kawai ake nema: mai 7.5 ta ba da lita 5.4, mai 8.5 lita 6.1, mai 9.5 lita 6.8, mai 10.5 lita 7.5. Ka ga ƙaramar cikinsu a ruwa mai digiri 20 ta fi babbarsu a ruwa mai digiri 10. Idan kuma ruwan yana shigowa da digiri 28, kamar a wurare masu zafi inda rana ke dukan tanki yini guda, shawa mai kilowat 3.5 kacal za ta ba da lita 4.2, daidai da abin da mai 8.5 ke yi a hunturun Turai. Mai 5.5 ta ba da lita 6.5. Shi ya sa a ƙasashe irin su Malesiya hitocin wanka masu kilowat uku da rabi suka wadatar da jama'a, alhali a Birtaniya, inda kamfanoni irin su Triton da Mira suke ƙera su, daga 7.5 zuwa kusan 11 ake sayarwa. Babu wanda ya fi wani wayo, ruwan da ke shiga bututunsu ne ba ɗaya ba.

A nan nake ganin an fi yin kuskure. Mutum ya shiga kasuwa ya ce a ba shi mafi girma, ba tare da ya taɓa sanin zafin ruwan famfonsa ba. Ga mai ruwa mai ɗumi, kilowat 10.5 ɓarna ce, kusan kullum a rabin ƙarfi zai riƙa amfani da ita, bayan ya kashe kuɗi a waya mai kauri. Ga mai ruwa mai sanyi ƙarara, kilowat 5.5 azaba ce: a ɗagawar digiri 30 lita 2.6 za ta ba shi, abin da bai kai a wanke sabulu cikin natsuwa ba.

Sai maganar da masu talla ba sa so a daɗe a kanta, wato ƙarfin wutar da ke zuwa gidanka. Kilowat ɗin da aka rubuta a kwali an auna shi ne a wani ƙayyadadden bolt, sau da yawa 240. Kwail kuwa ƙarfe ne mai tsayayyen hali, idan bolt ya sauka ƙarfinsa yakan faɗi fiye da yadda bolt ɗin ya faɗi, domin a lissafin ana ninka bolt ɗin da kansa ne. Shawar da aka rubuta wa 9.5 a bolt 240, a bolt 230 ta koma 8.7, a 220 ta koma kusan 8, idan wuta ta yi rauni ta sauka 200 kuwa 6.6 ta rage. Wato ka biya kuɗin 9.5 kana wanka da abin da bai kai 7.5 ba. Kamfanonin kirki sukan rubuta lambobi biyu a takardar bayani, na 240 da na 230. Ka nemi wadda ta dace da wutarka. Idan kuma ka lura kwan fitila yana dusashewa da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, to shawarka ma dusashewa take yi a wannan lokacin, ba laifin kwail ba ne.

Kuma kowane ƙarin kilowat yana da nauyinsa a kan waya. A bolt 240, mai 7.5 tana jan amfiya 31 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), mai 8.5 amfiya 35, mai 9.5 kusan 40, mai 10.5 kusan 44. Wannan ya fi abin da dutsen guga da firji da injin wanki suke ja a haɗe. Dole shawa ta samu layinta ita kaɗai tun daga akwatin rabon wuta, da bireka daidai ita, mai amfiya 32 ko 40 ko 45 ko 50 gwargwadon girmanta. Waya mai kaurin milimita murabba'i 6 takan ɗauki ƙananan idan tazarar ba ta da nisa kuma ba a binne ta cikin abin da ke riƙe zafi ba. Manyan sukan nemi mai 10. Ma'aikacin wuta ƙwararre ne zai yanke wannan bayan ya ga tsawon layin da hanyar da ya bi. Abin da nake roƙo shi ne kada wanda ke da tsohuwar 7.5 ya cire ta ya ɗaura 10.5 a kan wayar da ya tarar. Ranar farko za ta yi aiki. A hankali wayar za ta riƙa ɗumi a cikin bango, robarta ta bushe, wurin ɗauri ya yi baƙi, ranar da za a ji ƙauri an riga an makara. Haka nan wayar ƙasa, wadda ma'aikata ke ce wa atin, da na'urar RCD mai miliamfiya 30 da ke katse wuta da zarar ta fara ɓallewa, babu sassauci a kansu. Jiƙaƙƙen mutum ne tsaye ba takalmi a gaban amfiya 40.

Akwai kuma matsin ruwa, wanda ake yawan rikita shi da yawan ruwa. Yawancin shawar bango an yi su ne don ruwan babban layi, suna neman matsin kimanin bar 1 yayin da ruwa ke gudu. Bar 1 daidai yake da tankin da ke sama da kan shawa da kimanin mita 10. Tankin da ke bisa rufi, mita 3 sama da kanka, bar 0.3 kawai yake bayarwa. A cikin shawar akwai wani makunni da matsin ruwa ke turawa. Idan matsin bai kai ba, ba zai bar kwail ya kama ba, don kada ya ƙone. Sai ka ga fitila ta kama, ruwa yana zuba, amma sanyi ƙalau. Ga irin wannan gida aka yi shawar lantarki mai ɗan injin tura ruwa a cikinta, wadda ake haɗawa da tanki, ba da babban layi ba. Tana da ɗan ƙara, kuma inji abu ne da ke iya lalacewa, amma ita ce maganin ƙarancin matsi. Sai dai a kula, inji ruwa yake turawa, ba ya ƙara zafi. Wanda ya sa wa shawa mai kilowat 7.5 babban injin turi don ya samu lita 10 a minti zai same su, amma da digiri 11 kawai ruwan zai hau.

Matsin da ke hawa da sauka ya fi wanda ya tsaya a ƙasa haɗari. Ka ɗauka kana wanka da mai 9.5, lita 4.5 a minti, ruwa a digiri 40. Wani ya buɗe famfo a kicin ko ya ja ruwan banɗaki, ruwan da ke zuwa maka ya ragu zuwa lita 3. Kwail bai san an yi ba, wutarsa yake bayarwa. Ɗagawar da take digiri 30 ta zama 45, ruwan da ke sauka a bayanka ya kai 55. Babba zai yi tsalle ya kauce. Yaro ƙarami, ko tsoho mai ciwon ƙafa, ko wanda ciwon suga ya rage masa ji a fata, ba lallai ya kauce da wuri ba, kuma ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙona fata. Akwai makarin da ke kashe kwail idan zafi ya wuce kima, shi ne ke sa ruwa ya yi zafi, ya yi sanyi, ya sake zafi, amma sai bayan zafin ya riga ya hau yake aiki. A nan ne shawa mai tamostat ta yi wa ta gama-gari nisa: tana auna zafin ruwan da ke fita tana gyara kanta, ta riƙe shi kusa da inda ka saita. Ba ta ƙara ko ɗigon ruwa a kan lissafin da muka yi. Amma da za a ce in zaɓa wa gida mai yara tsakanin 10.5 ta gama-gari da 8.5 mai tamostat, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Akwai wata iri da ya kamata a ambata ko a gurguje, wadda kwail ɗin ke cikin kan shawar kansa, wayoyi suna shiga daga sama. A Burazil ta zama ruwan dare, kamfanin Lorenzetti ya yi suna a kanta, ƙarfinta yakan kama daga wajen kilowat 4 zuwa 7.5. Ba ta neman matsi mai yawa, gyaranta da sauƙi, kuma lissafin litar ɗaya ne. Sai dai a yawancinsu kwail ɗin tsirara yake cikin ruwa, tsaron mai wanka ya rataya ne kacokan a kan wayar ƙasa da kyawun ɗauri. Inda ba a tabbatar da atin mai kyau ba, ni ba zan tsaya a ƙarƙashinta ba.

To idan lita 4 ko 5 ba su ishe ka ba fa, kana son ruwa ya zubo sosai? Gaskiyar magana, shawar nan-take ba za ta ba ka ba a ruwa mai sanyi, ko nawa ka kashe. Lita 10 a minti da ɗagawar digiri 30 tana neman kilowat 21, wannan kuwa sai gida mai wuta layi uku. Hanyar da ta rage ita ce hita mai tanki. Ita dabararta daban ce: ƙaramin kwail, kilowat 1.5 ko 2, ya yi ta aiki a hankali yana tara zafi. Tanki mai lita 50, daga digiri 20 zuwa 60, yana cin kimanin kilowat-awa 2.3, wato minti 70 da kwail mai kilowat 2, ko awa ɗaya da rabi da mai 1.5. Idan aka surka shi da ruwan sanyi mai digiri 20, a takarda lita 100 za a samu a digiri 40, wanka na minti 10 da ruwa mai ƙarfi. A zahiri bai cika kaiwa haka ba, don ruwan sanyin da ke shiga yana gauraya da na ciki. Mutum na farko ya more, na biyu ya samu saura, na uku ya zauna jira. Shawar nan-take kuwa ko mutum goma ne a jere, na ƙarshe zai samu abin da na farko ya samu.

Wajen cin wuta ma abin yana ba mutane mamaki. Wankan minti 8 da mai 9.5 yana cin kilowat-awa 1.3 da ruwa lita 36. Wankan minti 8 daga tanki a lita 10 a minti, da ɗagawa iri ɗaya, ruwa lita 80 ne da kilowat-awa 2.8, ban da zafin da tankin ke zubarwa ta jikinsa yana zaune. Mai babbar lamba ita ce mai ƙaramin ci, saboda ƙarancin ruwanta ya tilasta tsimi. Amma hita mai tanki tana da nata ranar: kilowat 1.5 abu ne da madaidaicin janareto ko na'urar sola za su iya ɗauka, ana iya ɗumama ruwa lokacin da wuta take a yi wanka bayan ta ɗauke, kuma raunin bolt jinkiri kawai yake jawo mata. Inda wuta ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. A dai riƙa barin tankin a digiri 60, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ke kwance shi ne mazaunin ƙwayar cutar lijiyonela, sannan a sa bawul mai surkawa a mafita.

Kan shawa ma yana da ta cewa, kuma shi ne mafi arha a gyara. Lita 4 a cikin faffaɗan kai mai girman faranti ɗiga kawai za ta riƙa yi. Lita 4 ɗin a ƙaramin kai mai ƙananan huji sai ta fito da kaifi, ka ji kamar ta ninka. Shi ya sa ya fi kyau a bar kan da ya zo da shawar. Kada kuma a sa mata kai mai maɓallin tsayar da ruwa ko abin rage gudu, domin mafitar shawar lantarki dole ta kasance a buɗe. Idan aka toshe ta matsi yana taruwa a gwangwani har ɗan makarin kariya ya fashe, ruwa ya riƙa zuba ta ƙasan akwati. Na taɓa kwance kan wata shawa da ake ƙorafin tana ƙuna tana sanyi. Da na juya shi a hannu, hujojin gefe duk sun toshe da wani farin ɓawo mai kama da alli, irin wanda ke taruwa a gindin butar lantarki, na tsakiya kaɗai ke fitar da ruwa, suna harbawa a karkace. Na jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, da safe na goge da tsohon buroshin haƙori, ɓawon yana marmashewa kamar ƙasa. Aka mayar, ruwa ya daidaita. Toshewar ce take rage gudu, zafi ya hau, makari ya kashe kwail. Inda ruwa ke da yawan alli, a fifita shawar da ke ci gaba da zubar da ruwa na 'yan daƙiƙu bayan an kashe ta, don kwail ya huce kafin ruwa ya tsaya a kansa.

Kafin ka je saye, abubuwa uku za ka auna, kuma duka ba su wuce aikin yini ɗaya ba. Ka tara bokiti mai lita 10 a bututun da zai ciyar da shawar, ka buɗe shi duka, ka duba agogo: idan ya cika cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, ruwanka ya isa yawancin shawar bango, idan ya haura minti ɗaya da rabi, ka fara tunanin mai inji. Ka sa ma'aikacin wuta ya auna bolt a lokacin da aka fi jan wuta, ba da tsakar rana ba, ya kuma duba ko babban layin gidan zai ɗauki ƙarin amfiya 40. Sannan ka bar famfo ya zuba na minti biyu, ka tsoma ma'aunin zafi a ciki. Wannan awon na ƙarshe da asuba za ka yi shi, a lokacin da ya fi sanyi a shekara. Idan a watan zafi kake sayen, ka rage aƙalla digiri 10 daga abin da ka gani kafin ka yi lissafin litar, in ƙasarku mai tsananin hunturu ce ka rage fiye da haka.